Sakandare Ɗaya Ta Jawo An Ƙwace Makarantun Houston: Fashin Baƙi Kan Maki, Launin Fata da Kuɗi

Ranar 1 ga Yunin 2023 iyayen yara kusan 190,000 a birnin Houston suka wayi gari wakilan da suka zaɓa da ƙuri'unsu ba su da sauran ta cewa a kan makarantun 'ya'yansu. Gwamnatin jihar Teksas ta ajiye su gefe, ta naɗa kwamitin riƙo na mutum tara, ta kuma kawo kantoma mai suna Mike Miles, tsohon soja kuma tsohon jami'in diflomasiyya wanda ya taɓa shugabantar makarantun Dallas daga 2012 zuwa 2015. Dalilin da aka fi ambata shi ne wata sakandare guda ɗaya, Phillis Wheatley, wadda ɗalibanta ba su kai dubu ba, a cikin makarantu sama da 270. Wanda ya ji labarin a dunƙule haka zai ce ai an ƙone rumbu ne saboda ɓera ɗaya. Wanda kuma ya ji cewa bayan shekara biyu babu makaranta ko ɗaya a gundumar mai sakamakon F zai ce ashe gwamnati ce da gaskiya. Dukansu sun yi gaggawa.

Sai an fara sanin mece ce gundumar makarantu kafin a gane rigimar. Mu mun saba sakandaren gwamnati tana ƙarƙashin ma'aikatar ilimi ta jiha, albashin malami daga babban birnin jiha yake zuwa. A Amurka gunduma wata 'yar ƙaramar gwamnati ce mai zaman kanta. Tana da iyakokinta a taswira, mutanen cikinta su ke zaɓen hukumar gudanarwarta, hukumar ce ke ɗaukar shugaban gunduma aiki, kuma ita ke yanka haraji a kan gidaje da filaye da shaguna. Iyakar gunduma ba lallai ta dace da iyakar birni ba. Gundumar Houston, wadda ake kira HISD, ita ce mafi girma a Teksas kuma ta takwas a duk Amurka, amma akwai unguwannin birnin da ba nata ba ne. 'Yan Najeriya da yawa da ke zaune a kudu maso yammacin birnin, alal misali, 'ya'yansu suna ƙarƙashin gundumomin Alief da Fort Bend ne, wannan rigima ba ta shafe su kai tsaye ba.

Wheatley tana unguwar Fifth Ward, arewa maso gabas da tsakiyar birni. An buɗe ta a 1927 domin yara baƙar fata, lokacin da doka ta hana su zama aji ɗaya da fararen fata, aka sa mata sunan wata baiwa da aka sato daga Afirka ta Yamma tana yarinya, ta girma ta zama marubuciyar waƙoƙi a Boston. A zamaninta tana cikin manyan makarantun baƙar fata na ƙasar. Ita ta yaye Barbara Jordan a 1952, mace baƙar fata ta farko daga kudancin Amurka da ta shiga majalisar wakilan tarayya, ita ta yaye Mickey Leland wanda ya gaji kujerarta. Abin da ya karya ta ya zo a hankali. An ratsa unguwar da manyan tituna, an kawo ƙarshen wariya a makarantu sai iyalai masu ɗan hali suka samu ƙofar fita, suka tafi da 'ya'yansu, aka sauya wa ƙwararrun malamai da dama wurin aiki. Waɗanda suka rage su ne waɗanda ba su da inda za su. A yau sama da tara cikin goma na ɗalibanta 'ya'yan talakawa ne a ma'aunin gwamnati, kusan rabi baƙar fata, rabi 'yan asalin Latin Amurka.

Abin mamaki, dokar da aka kama gundumar da ita, hannun wani tsohon ɗalibin Wheatley ne a cikinta. Harold Dutton, ɗan majalisar jiha baƙar fata daga jam'iyyar Dimokurat, ya gaji da ganin makarantun mazaɓarsa suna faɗuwa shekara da shekaru ba wanda ya damu. A 2015 ya shigar da wani sashe a doka mai cewa idan makaranta ɗaya ta faɗi shekara biyar a jere, dole kwamishinan ilimi ya zaɓi ɗaya cikin biyu: ya rufe ta, ko ya sauke zaɓaɓɓiyar hukumar gundumar baki ɗaya. Sakandaren Kashmere ce aka fi jin tsoro za ta jawo wannan hukunci, don ta fi kowa daɗewa a jerin, sai ta tsallake a 2019. Wheatley ba ta tsallake ba. An ɗaga mata ƙafa a 2018 saboda ambaliyar guguwar Harvey, a 2019 ta ci maki 59, wato F.

Hukumar gundumar ma ta taimaka wa masu neman wuyanta. A Oktoban 2018 wasu wakilanta suka ƙulla a asirce za su tsige shugabar riƙo Grenita Lathan su maye gurbinta, aka yi ta cacar baki a bainar jama'a, binciken jiha ya ce sun karya dokar da ta wajabta yin taro a buɗe. A Nuwamban 2019 kwamishina Mike Morath ya sanar zai karɓe iko. Gundumar ta garzaya kotu ta samu umarnin dakatarwa, aka shafe shekara uku ana shari'a, majalisa ta gyara dokar a 2021, Kotun Ƙolin Teksas ta ɗage umarnin a Janairun 2023. Kafin nan masu zaɓe sun riga sun sauya yawancin wakilan, Wheatley ta haura zuwa C a 2022, gundumar kanta tana da B. Wannan ne ya sa mutanen birnin da yawa suke ganin siyasa ce tsagwaronta: gwamnatin 'yan Rifablikan a Austin, babban birnin jihar, ta samu hanyar taka birnin da ke zaɓen 'yan Dimokurat. Dutton dai bai janye ba, ya ci gaba da kare matakin.

Me harafin nan yake aunawa?

Tun da duk hukuncin a kan harafi ɗaya ya rataya, ya kamata a buɗe cikinsa. Ɗalibin sakandare a Teksas yana rubuta jarrabawar jiha, STAAR, a darussa biyar: aljabara, Turanci na ɗaya da na biyu, nazarin halittu, da tarihin Amurka. Ana auna makaranta ta fuska uku. Ta farko ita ce tsurar ƙoƙarin ɗalibai, kuma a sakandare an raba ta: kashi 40 na sakamakon STAAR, kashi 40 na yawan waɗanda suka gama a shirye don jami'a ko sana'a ko aikin soja, kashi 20 na yawan waɗanda suka kammala. Ta biyu ita ce ci gaba, wato nawa yaro ya ƙaru daga bara zuwa bana, ko kuma yaya makarantar take idan aka gwada ta da wasu masu talauci irin nata. Ta uku tana duba ko ana cike giɓin da ke tsakanin rukunonin ɗalibai. Sai a ɗauki wadda ta fi kyau cikin biyun farko a ba ta kashi 70, ta ukun ta ɗauki 30.

A takarda tsarin ya yi wa makarantar talakawa sassauci, tun da za ta iya tsira ta ƙofar ci gaba. Sai dai ma'aunin kansa yana motsi. A 2023 hukumar ilimi ta jiha ta ɗaga makin da ake buƙata don cin A a ɓangaren shirin jami'a da sana'a daga kashi 60 zuwa 88, kuma aka ɗora shi a kan ɗaliban da suka riga suka gama suka tafi. Gundumomi sama da ɗari suka kai ƙara, shi ya sa sakamakon 2023 bai fito a hukumance ba sai Afrilun 2025. Makaranta ɗaya, ɗalibai ɗaya, malamai ɗaya, tana iya zama A da tsohon mudu ta zama C da sabo. Kuma wannan ɓangare na shirin sana'a yana da ƙofofi da yawa: cin wani maki a jarrabawar shiga jami'a, ko darasin jami'a da aka yi tun a sakandare, ko takardar shaidar wata sana'a. Shugaban makaranta mai wayo ya san wacce ce ƙofa mafi sauƙi.

Su wa ke zaune a azuzuwan?

Nan ne, a ganina, gizo ke saƙar. A HISD kusan kashi 62 cikin ɗari 'yan asalin Latin Amurka ne, kusan 22 baƙar fata, fararen fata kimanin 10, 'yan Asiya ba su wuce 5 ba. Kusan huɗu cikin biyar ana lissafa su a marasa hali, kuma ma'aunin shi ne abincin makaranta: iyalin da kuɗin shigarsu bai wuce kashi 130 cikin ɗari na layin talauci na tarayya ba, ɗansu kyauta yake ci, har zuwa kashi 185 kuma ana yi masa rangwame. Sama da ɗaya cikin uku har yanzu Turanci suke koyo.

Waɗannan alƙaluma na gunduma ne a dunƙule, ba sa nuna yadda aka rarraba yaran. 'Yan fararen fatan nan kaɗan da 'ya'yan masu hali sun taru ne a makarantu ƙalilan: Lamar da ke gefen unguwar attajirai ta River Oaks, Bellaire, Westside, Heights, da makarantun da sai an zaɓe ka kake shiga. Carnegie Vanguard ba ta karɓar yaro sai an riga an tabbatar yana cikin masu hazaƙa ta musamman. DeBakey, wadda aka kafa a 1972 tare da kwalejin likitanci ta Baylor, tana tace masu neman shiga ta hanyar sakamakonsu. Waɗannan biyun kullum suna sahun gaba idan mujallu suka jera sakandaren Amurka, kuma gunduma ɗaya ce ke da su da Wheatley, tafiyar 'yan mintuna a mota. Ban ce malamansu ba sa aiki ba. Amma makarantar da ta zaɓi gwanaye tun a ƙofa, in ta fitar da gwanaye, ba ta nuna mana komai game da yadda ake koyar da yaron da ya shigo aji tara, wato ajin farko na babbar sakandare, bai iya karatun 'yan aji biyar ba.

Ɗauki kuma sakandaren Wisdom, wadda har 2016 take ɗauke da sunan Robert E. Lee, janar ɗin da ya yi yaƙi don kare bauta. Tana karɓar yaran Gulfton, unguwar gidajen haya da baƙi ke sauka: 'yan Honduras da Guwatamala da Salbado, 'yan gudun hijirar Afganistan da Kwango da sauransu. Tun hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1982, wanda shi ma daga Teksas ya taso, ba a korar yaro daga makarantar gwamnati don iyayensa ba su da takardun zama. Saboda haka yaro ɗan shekara sha shida yana iya shigowa a tsakiyar zango, ba ya jin Turanci, wataƙila ya yi shekara uku rabonsa da aji, da yamma kuma yana aiki a gidan abinci. Shi ma yana cikin lissafin makarantar. Malamin da ya kai wannan yaro ga karanta shafi guda ya yi aikin da ya fi na wanda ya kai ɗan likita ga maki 95, amma jadawalin jarida ba zai nuna haka ba.

Wannan rarrabuwa tana da tarihi. An shigar da ƙarar neman kawo ƙarshen wariya a makarantun Houston tun 1956, gundumar ta yi ta jan ƙafa. A 1970 ta yi wata dabara: da yake doka tana lissafa 'yan asalin Meziko a matsayin farare, sai aka haɗa makarantunsu da na baƙar fata aka ce ai an gauraya, aka bar ainihin fararen a inda suke. Iyaye 'yan asalin Meziko suka janye dubban yara, suka buɗe nasu azuzuwan na wucin gadi a coci-coci da ɗakunan taro. A 1975 aka fito da makarantun maganaɗisu, wato masu darussa na musamman da za su janyo yara daga kowace unguwa ba tare da tilas ba. Manufar ita ce a riƙe fararen da ke guduwa zuwa Katy da Cypress-Fairbanks da sauran gundumomin bayan gari. Ba a riƙe su ba sai kaɗan. Abin da tsarin ya yi sosai shi ne buɗe hanya ga duk iyayen da suka san kan takardu, baƙi da farare, su cire ɗansu daga sakandaren unguwa. Kowane haziƙin yaro da ya hau bas daga Fifth Ward zuwa DeBakey riba ce gare shi da iyayensa, kuma ba wanda zai zarge su. Amma makinsa ya tafi da shi.

Kuɗin fa?

Teksas ba ta karɓar haraji a kan albashi, don haka makarantu sun dogara sosai a kan harajin kadarori. Illar wannan ta fito fili a wata shari'a daga San Antonio. A shekarar karatu ta 1967 zuwa 1968, gundumar Edgewood ta talakawa 'yan asalin Meziko tana da kadarar dala 5,960 a kan kowane ɗalibi, maƙwabciyarta Alamo Heights tana da sama da dala 49,000. Edgewood tana yanka harajin dala 1.05 a kan kowace dala ɗari, Alamo Heights santi 85 kawai. Duk da haka, in aka haɗa kuɗin gida da na jiha da na tarayya, ɗan Edgewood dala 356 ake kashe masa, ɗan Alamo Heights dala 594. Talaka ya fi matse kansa, ya kuma fi samun kaɗan. Wani uba mai suna Demetrio Rodriguez da wasu iyaye suka kai ƙara, a Maris 1973 Kotun Ƙolin Amurka ta ce, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ilimi ba ya cikin haƙƙoƙin da tsarin mulkin tarayya ya lamunce. Sai aka koma kotunan jiha. A 1989 Kotun Ƙolin Teksas ta rushe tsarin, bayan an nuna mata cewa gunduma mafi arziki ta ninka mafi talauci sau 700 a kadarar kowane ɗalibi. Daga nan aka samu dokar 1993 da mutane suka laƙaba wa Robin Hood, sunan ɗan fashin tatsuniya mai ƙwace wa masu kuɗi ya ba talakawa: gundumar da harajinta ya wuce abin da lissafin jiha ya ce ya kamace ta, sai ta miƙa rarar a rarraba.

Ga inda abin ya juya wa Houston baya. Birni ne na kamfanonin mai da dogayen benaye, kadararsa tana da tsada, don haka lissafi ya ce gundumar mai arziki ce, alhali huɗu cikin biyar na yaranta talakawa ne. A Nuwamban 2016 aka tambayi masu zaɓe ko sun yarda a miƙa wa jiha dala miliyan 162, suka ce a'a. Jiha ta ce to za ta zare wasu manyan gine-ginen kasuwanci daga rajistar harajin gundumar ta ba wasu. A Mayun 2017 aka sake ƙuri'a, suka yarda, ba don suna so ba. Gundumar Austin ta fi shan wannan ɗaci, akwai shekarun baya-bayan nan da take miƙa sama da dala miliyan 700 a shekara guda.

Abin da gunduma ke riƙewa kuwa lissafin jiha ne ke yanke shi. Tushensa kason kowane ɗalibi, wanda aka sa dala 6,160 a 2019 aka bar shi a nan har 2025, duk da tsadar da ta biyo bayan korona. Da majalisa ta tashi ƙara shi, dala 55 ta ɗora, ta zuba sauran sabon kuɗin a wasu aljihunan da ta ƙayyade, musamman ƙarin albashin malamai. A kan tushen ake ɗora ƙari: lokacin da yake dala 6,160, ɗan talaka yana jawo tsakanin dala 1,386 da 1,694 gwargwadon talaucin unguwarsu, mai koyon Turanci dala 616. Saboda haka idan aka raba kasafin Wheatley da yawan ɗalibanta, za a ga ana kashe wa kowane ɗaya fiye da na Bellaire. Masu cewa kuɗi ba shi ne matsala ba nan suke kafa hujja. Amma ƙaramar makaranta tsada gare ta: ko ɗalibai ɗari bakwai ne sai an biya shugaba da mai gadi da wutar lantarki da malamin kimiyya, kamar yadda za a biya a mai dubu uku. Kuma dala 616 a shekara ba ta isa ta ɗauki nauyin koya wa saurayi sabon harshe tare da aljabara a lokaci guda ba. Ga kuma abin da ba ya shiga kasafi, wato gudummawar ƙungiyoyin iyaye a unguwannin masu hali da malaman gida da ake biya.

Akwai wani ƙulli da ba a cika kula da shi ba. Teksas tana cikin jihohi ƙalilan da ke biyan kuɗi bisa waɗanda suka zo aji a kullum, ba bisa waɗanda aka yi wa rajista ba. A ƙaddara makaranta ta rubuta yara dubu, amma a matsakaici 880 ne ke zuwa: kuɗin 880 za a biya, alhali dole ta tanadi kujera da malami na dubu. Wa ke fashin makaranta? Wanda ke rainon ƙannensa, wanda aka kora daga gidan haya, wanda ya yi aikin dare. Wato makarantar da ta fi buƙatar mai bin sawun yara gida-gida ita ce ake yanke wa kuɗin ɗaukarsa.

Miles ya shigo da tsarin da ya kira Sabon Tsarin Ilimi, NES a taƙaice. Ya fara da makarantu 28, wato Wheatley da Kashmere da North Forest da firamare da ƙananan sakandaren da ke tura musu ɗalibai. Wasu 57 suka biyo baya a shekarar farko, a ta biyu adadin ya kai 130. Malamai sai da suka sake neman aikinsu. Ana ba su darasi a shirye daga hedikwata, ana koyarwa da agogo a gaban allo, a ƙarshen kowane darasi a yi 'yar gajeriyar jarrabawa, wanda ya gane ya wuce wani ɗaki ya ci gaba, wanda bai gane ba a maimaita masa nan take. An ƙara albashi sosai a waɗannan makarantu. An kuma sallami masu kula da ɗakunan karatu a makarantun 28 aka mai da ɗakunan wurin wannan aiki da ajiye masu rashin ji, abin da ya fi komai fusata iyaye da magajin garin lokacin, Sylvester Turner.

Sakamakon ya motsa, wannan ba a musu. Makarantu masu D ko F sun sauko daga 121 a 2023 zuwa 41 a 2024, a 2025 suka koma 18, babu F ko ɗaya. Wheatley ta tashi daga D zuwa B. Ni ban yarda da masu cewa duk bogi ne ba. Idan aka zuba kuɗi da malamai masu albashi mai kyau a makarantun da aka yi watsi da su, aka tsare lokacin darasi, aka gano wanda bai gane ba tun a ranar, dole wani abu ya canza. Hasali ma wannan ya rushe hujjar masu cewa kuɗi ba ya aiki, domin NES tsari ne mai cin kuɗi, kuma an fara shi ne lokacin da tallafin korona na tarayya, wanda gundumar ta samu sama da dala biliyan ɗaya daga cikinsa, bai ƙare ba. Tallafin ya ƙare a Satumban 2024, aka shiga rage ma'aikata da yanke kasafin makarantun da ba sa cikin tsarin.

Amma akwai dalilin yin taka-tsantsan da alƙaluman. 'Yan jaridar birnin sun gano cewa a makarantun NES an jinkirta wa ɗalibai da yawa darasin nazarin halittu daga aji tara zuwa aji goma, an kuma rage masu ɗaukar aljabara tun a aji takwas. Gundumar ta ce don yara su ƙara ƙwari ne kafin su fuskanci darasin. Mai yiwuwa haka ne. Sai dai idan raunana ba su zauna jarrabawar bana ba, sakamakon bana zai yi kyau ko da ba a koyar da komai ba. Dubban malamai sun bar aiki, an cike gurabe da yawa da waɗanda ba su da takardar shaidar koyarwa.

Houston kuma ta taɓa ganin irin wannan rana. Daga shekarun 1990 zuwa 2001, ƙarƙashin shugaban gunduma Rod Paige, makin jarrabawa ya yi ta hawa, yawan masu barin makaranta ya faɗi zuwa kashi 1.5 a takarda, aka kira abin mu'ujizar Houston. Shugaba George W. Bush ya ɗauki Paige ya ba shi ministan ilimi a 2001, aka gina dokar ilimi ta ƙasa baki ɗaya a kan wannan misali, gundumar ta ci babbar kyauta a 2002. A 2003 asiri ya tonu a sakandaren Sharpstown, wadda ta rubuta cewa ko yaro ɗaya bai bar karatu ba a shekara guda, alhali ɗaruruwa sun ɓace daga rajista. Wani mataimakin shugaban makarantar ne ya fasa ƙwan. Da jiha ta binciki makarantu 16, ta samu cewa cikin yara kusan 5,500 da suka tafi, fiye da rabi ya kamata a rubuta su a waɗanda suka daina karatu, amma aka ce sun koma wata makaranta ne ko wata ƙasa. Ban ce abin da ke faruwa yanzu ke nan ba, kuma ba wanda ya kawo shaidar haka. Wanda maciji ya taɓa sara dai, in ya ga tsumma sai ya ja da baya.

Mutanen birnin sun nuna nasu ra'ayin a wuri ɗaya da aka bar musu ƙuri'a. A Nuwamban 2024 kwamitin riƙo ya nemi izinin ciwo bashin dala biliyan 4.4 don gyaran gine-gine, mafi girma da wata gunduma ta taɓa nema a Teksas. Buƙatar gaskiya ce, akwai makarantun da na'urar sanyaya ɗaki ke mutuwa a zafin Agusta, akwai masu tsofaffin bututun ruwa. Amma reshen Dimokurat da na Rifablikan na yankin, waɗanda ba sa ga maciji da juna, duk suka ce a ƙi, da taken cewa in babu amana babu bashi. Kusan kashi 58 suka ƙi. A 2012 waɗannan mutanen ne suka amince da dala biliyan 1.89 aka sake gina yawancin manyan sakandaren birnin.

Wasu kuma da ƙafa suke jefa tasu ƙuri'ar. A shekarar karatu ta 2016 zuwa 2017 gundumar tana da ɗalibai kusan 216,000, a ta 2024 zuwa 2025 ba su kai 180,000 ba. Raguwar ta fara kafin zuwan Miles, haihuwa ta ragu, haya ta yi tsada a cikin gari, ga makarantun kwantiragi irin su KIPP da YES Prep, masu cin kuɗin gwamnati amma a hannun masu zaman kansu, waɗanda a Houston ɗin aka haife su. Sai dai ta ƙara sauri bayan ƙwacen. A Mayun 2025 gwamna Greg Abbott ya sa hannu a dokar da ta ware dala biliyan ɗaya don ba iyaye kimanin dala 10,000 a kan kowane yaro su kai shi makarantar kuɗi, daga shekarar karatu ta 2026. Kowane yaro da ya fita, kasonsa ya bi shi, ginin da albashin mai gadi suna nan.

A Yunin 2025 Morath ya tsawaita mulkin kwamitin riƙo zuwa 1 ga Yunin 2027, ya kuma sauya huɗu daga cikin mutum taran. Zaɓaɓɓun wakilai suna nan, ana ma ci gaba da zaɓensu, amma ba su da ƙuri'a a kan ko sisi na kasafin. A Oktoban 2025 Morath ya sanar da ƙwace gundumar Fort Worth da dokar nan ta Dutton, saboda wata makarantar 'yan aji shida da ta faɗi sau biyar a jere, wadda gundumar ta riga ta rufe da kanta.